Zaren da Harlal Ya Ƙi Yankewa

"Atisha! Atisha! Tish!"

"To, mage ta tashi!" in ji Harlal daga tsakar gida, inda yake goge wa farar goɗiyarsa Dauli jiki. "Ma-sa, ki zo ki ga magenki tana toya gurasa!"

Sugna ta share hawayen hayaƙi da gefen mayafinta, ta harare shi ta ƙofar madafi. Haka take tun tana ƙarama, da zarar man shanu ya ɗiga a wuta sai ta jera atishawa, manya biyu da 'yar ƙarama a ƙarshe. Shekara biyu da aurensu, amma mijin nan nata bai gaji da tsokanarta a kai ba.

"Ka ƙyale mini 'yata," in ji surukarta Ma-sa, tana kaɗa nono. "Ke kuma ƙona masa tasa gurasar, ya ci baƙa."

"Ai da na ƙona ta, Ma-sa, sai dai Mai Dauli ba ya jin bambanci," Sugna ta faɗa ƙasa-ƙasa. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, kamar kowace matar kirki a ƙauyen Jalri, sai dai ta jingina shi da goɗiyarsa.

Gyaran muryar da aka yi a zaure ya tsinke dariyar. Sugna ta yi maza ta jawo lulluɓi har ƙirji. Surukinta Dulichand ne ya shigo, da babban ɗansa Kanaram a bayansa. Tsohon ya buga sandarsa a ƙasa.

"Ku saurare ni. 'Yan fim ɗin nan na Bombay da suka kafa tantuna a bayan rijiya, maza su yi musu aiki in sun so. Amma mace daga gidan nan, ko inuwarta kada kyamara ta ɗauka! Madara a kai musu, a ajiye a bakin tanti, a juyo."

Kowa ya ce to. Ai sati guda ke nan Jalri ba ta da wata hira sai ta 'yan fim. An ce labarin wani saurayi suke yi, wanda ya auri 'yar ƙauye ya tafi birni ya ci amanarta. Yau kuma za a ɗauki bikin auren, shi ya sa suka nemi Dauli, domin kaf yankin ba angon da ake kaiwa gidan amarya sai a bayanta.

Wannan maganar kuwa tana sosa wa Sugna wani tsohon miki. Ita nata auren a shekarar fari aka yi shi. Ba kiɗa, ba furanni, jan zanen amarci ma na yayarta aka ara, duk ya koɗe. Harlal, mai kai kowane ango a kan goɗiya, a ƙafa ya je nasa auren, don a makon Dauli ta haihu. Sugna tana son mijinta kamar ranta, ba ta taɓa yi masa ƙorafi ba. Amma duk ranar da ya yi wa Dauli ado ya ja ta zuwa bikin wasu, sai ta tsaya a bakin ƙofa tana kallo har su sha kwana.

Da hantsi ta kai madara. Tana ajiye tulun, wata mata mai tabarau ta faɗo daga tanti, allurai cike da bakinta, ta tsaya tana ƙare mata kallo daga sama har ƙasa.

"Tsawo ɗaya! Kafaɗa ɗaya! Ke 'yar uwa, Ubangiji ne ya jefo ki! Jarumarmu ta ce hayaƙi yana ɓata mata ido, ba za ta zauna gaban wuta ba. Ki sa kayanta ki zauna a madadinta. Fuska a rufe ruf, ba wanda zai san ke ce!"

"Ni? A'a, a'a! Surukina zai..."

Matar ta yaye wani ƙyalle daga kan akwati, sai Sugna ta zuba ido. Jan kayan amarya ne, an yi masa aikin zaren zinariya tun daga wuya har ƙasa, yana ɗaukar ido. Ta kai hannu ta shafa. A ranta ta ce sau ɗaya dai, ta ji yadda ake ji. Ka ga inda son rai yake kai mai hankali!

Aka shirya ta, aka shafa mata jan launi a gefen ƙafafu, aka sauke mata lulluɓi mai nauyi wanda ba ta ganin komai ta cikinsa sai ƙasa. Aka jawo ta zuwa rumfar aure, aka zaunar da ita gaban wuta. Ta ji kiɗa, ta ji haniniyar Dauli, ta kuma ji muryar Pandit Shiwdat, malamin ƙauyensu da ya ɗaura nata auren, wanda 'yan fim suka ɗauko don abin ya yi kama da gaske. Sai aka zaunar da ango a gefenta.

Ƙafafunsa kawai take iya gani. Babban yatsan hagu farcensa a tsage yake gida biyu, daidai inda Dauli ta taka mai ita bara. Sugna ta ƙura wa yatsan ido. Ita ce ta yi jinyar wannan yatsan da ruwan gishiri! Daga baya ta ji yadda aka yi: jarumin ya hau Dauli, ta yi tsalle ɗaya ta ajiye shi a kan yashi, sai darakta ya sa aka naɗa wa Harlal rawani, aka sauke masa labulen furannin da ango ke rufe fuska da shi.

Ƙafafun sai motsi suke yi. Ta ji yana cewa, "Hawa aka ce in yi, na hau. Wannan kuma ba da ni ba." Ya yunƙura zai tashi, darakta yana ta ihu. Daidai lokacin Pandit ya zuba man shanu a wuta, hayaƙi ya shige ƙarƙashin lulluɓin.

"Atisha! Atisha! Tish!"

"Kat!" darakta ya daka tsawa. "Amarya ba ta atishawa! A sake!"

Ƙafafun suka tsaya cak. Sai ango ya koma ya zauna, har da gyara zama, ya miƙo hannu da kansa. Pandit ya ɗora nata a kai, ya ɗaura wa kowannensu zare ja da rawaya a wuyan hannu, ya ƙulle bakin mayafinta da gyalensa. Suka tashi suka zagaya wuta sau bakwai. Yana riƙe da hannunta a hankali, har yana ɗan matsawa.

Sugna ta ji kamar ta haɗiye zuciya. Ashe haka yake! Ya ga hannun 'yar fim, duk gardamar ta tafi, har da matsa mata yatsu! Ta gama zagayen tana kukan haushi, ba wanda ya gani. Da aka sallame ta ta tuɓe kayan, ta wanke ƙafa a gurguje, ta zo tsinke zaren sai ta kasa. Ta ture shi can sama, ƙarƙashin fararen awarwaron da suka rufe mata damtse.

Da yamma Harlal ya shigo yana fito, zaren yana nan a hannunsa. Ta dangwarar masa da abinci.

"Yaya aiki?" ta tambaya, fuska a ɗaure.

Ya dubi ƙofa, inda Kanaram yake zaune yana shan taba, ya rage murya yana murmushi. "Aiki ya yi kyau. Amarya ma ba laifi."

Sugna ta kwashi tabarmarta ta koma ɗakin Ma-sa, ta ce kanta ke ciwo.

Kanaram kuwa ya ga duk abin da ya faru, don shi ya riƙe Dauli a gefen rumfa. Ya daɗe yana jin zafin yadda ubansu ya damƙa goɗiyar a hannun ƙaninsa, ya bar shi da noma. Gari na wayewa ya hau raƙumi, bai zame ko'ina ba sai ƙauyen su Sugna. Kafin rana ta take, ga mahaifinta Mangilal a ƙofar gida da amalanke, idanu jajur.

"Dulichand! Na ba ɗanka 'yata, shi ne zai je ya zagaya wuta da wata a bainar jama'a? A fito mini da ita!"

"Wasan kwaikwayo ne fa, surukina," in ji Dulichand.

"To a kira Pandit!"

Pandit Shiwdat ya zo yana share gumi. Aka tambaye shi ko karatun da ya yi na wasa ne. Tsohon ya buɗe hannuwa. "Ni ina na iya karatun wasa? Guda ɗaya aka koya mini, shi na yi. Wuta ta gaske ce, zagaye bakwai ya cika. Na ɗauka 'yan birni ne su biyun, su suka san yadda suke warware nasu."

Gida ya kaure da salati irin nasu. Dulichand ya juya kan ɗansa, ya cire wuƙa daga ɗamara ya jefa masa.

"Yanke zaren nan! Ka yanke, ka ce ba ka san matar ba, ba ruwanka da ita, a yi maka wankan tsarki a wuce wurin!"

Sugna tana laɓe bayan ƙofa, tana jiran ta ji ƙarar wuƙa. Harlal ya dubi wuƙar, ya dubi zaren, ya sunkuyar da kai.

"Ka gafarce ni, Bapu. Ba zan yanke ba."

"Me ka ce?"

"Ba zan yanke ba, ba kuma zan ce ba ruwana da ita ba."

"Kun ji ko?" in ji Kanaram. "'Yar fim ta shanye shi!"

Aka yanke cewa gobe dattawa biyar na garin za su zauna a gindin dalbejiya. Idan Harlal ya kafe, Mangilal ya tafi da 'yarsa har abada, shi kuma a fitar da shi daga dangi, ba mai ƙara shan ruwa a hannunsa. Aka kai Harlal ɗakin ajiyar ciyawa, aka hana shi shiga cikin gida.

Sugna ta wuni kuka. Ta san kalma ɗaya daga bakinta za ta kashe wutar nan. Amma ta yaya? Ta tsaya ta ce ita, surukar Dulichand, ta sa kayan 'yar fim ta zauna gaban kyamara, bayan an hana ta ƙiri-ƙiri? Matan rijiya za su yi shekara goma suna yi da ita, mahaifinta ba zai ƙara ɗaga kai a kasuwa ba. Ga kuma ɗaya ciwon da ya fi ci mata rai: mutumin da za ta zubar da mutuncinta dominsa, ga shi can yana rungume da zaren wata.

Da la'asar Ma-sa ta shigo da man kwakwa, ta ce ta miƙo ƙafa ta shafa mata. Tana cikin shafawa sai hannunta ya tsaya. A tsakanin yatsun akwai sauran jan launi, irin wanda ba a sayar da shi a Jalri. Tsohuwar ta daɗe tana kallo, sannan ta ci gaba da shafawa kamar ba komai.

"Kayan sun yi miki kyau?" ta tambaya a hankali.

Sugna ta faɗa kan cinyarta ta fashe da kuka. "Ma-sa, ku yafe mini! Sau ɗaya kawai na so in sa!"

"Yi shiru, 'yata. Ni na karɓe ki cikin koɗaɗɗen zane, kin ɗauka ban ji ciwo ba?"

"Amma shi bai san ni ce ba! Wata ya zagaya da ita a ransa, ita yake wa wannan taurin kan!"

Ma-sa ta kama haɓarta ta ɗaga. "Ni na haifi yaron nan. Ko ƙaryar ya sha madara bai iya ba. Kin tambaye shi? Ba ki tambaya ba, kin yanke masa hukunci ke kaɗai a cikin lulluɓi. Ban san abin da ke ransa ba, amma na san gobe za a kore shi a kan laifin da rabinsa naki ne. Idan kin tashi magana, ina bayanki."

Washegari da safe duk Jalri ta hallara a gindin dalbejiya, maza a gaba, mata can gefe a lulluɓe. An riga an ɗora akwatin Sugna a kan amalanken mahaifinta. Harlal yana tsaye a tsakiya, ciyawa maƙale a gashinsa. Babban dattijo ya tambaye shi sau na ƙarshe.

"Wace ce matar? Ka san ta?"

"Na san ta."

"Faɗi sunanta."

"Ba zan faɗa ba."

"To ka yanke zaren."

"Ku yanke hannun, ya fi mini sauƙi."

Mangilal ya miƙe a fusace. "Sugna, tashi mu tafi!"

Ta tashi. Ga amalanke a dama, ga da'irar maza a hagu, inda ba macen da ta taɓa shiga. Ta yi hagu. Aka fara gunaguni, Kanaram ya ce, "Ina za ta?" Sai ga Ma-sa ta taso ta bi bayanta. Sugna ta tsaya gaban Pandit, ta shiga zare awarwaron damtsenta ɗaya bayan ɗaya, har zaren ja da rawaya ya bayyana. Ta miƙa masa hannun.

"Pandit-ji, ƙullin wa ne wannan?"

Tsohon ya matso da ido. "Nawa ne. Ba mai irin ƙullin nan sai ni. Amma... a ina..."

"Ni ce amaryar." Muryarta ta fito ƙarara, surukinta bai taɓa jin ta haka ba. "An hana ni, na je. Na ga jan kaya na kasa haƙuri. Idan akwai wanda za a hukunta, ni ce." Sai ta juya wajen mijinta, hawaye na ɗiga daga ƙarƙashin mayafi. "Kai kuma Mai Dauli, ka ji. Ba 'yar fim ba ce, ni ce. Yanzu sai ka yanke abinka."

Harlal ya zuba mata ido, sai dariya ta ƙwace masa, hawaye na bin kumatunsa.

"Haba Sugna! Mata nawa ne a duniya suke atishawa biyu da 'yar ƙarama? Ai har na miƙe zan tafi, sai na ji magena. Na ce yau ga ni da rawani, na sauko daga kan Dauli, ga matata cikin ja, wallahi ko sarki bai isa ya tashe ni ba!"

"Ka sani? To me ya hana ka faɗa?"

"In faɗa, a yi da ke a rijiya? Na gwammace a kore ni. Kuma ta yaya zan rantse ba ruwana da ke?"

Sugna ta durƙushe a wurin, kunya da farin ciki suka taru suka rufe ta. Wata tsohuwa a cikin mata ta fara dariya, ta bazu har kan dattawa. Pandit ya ɗaga hannu sama. "Shekara arba'in ina ɗaura aure, yau na fara ganin wanda ya yi wa matarsa kishiya da ita kanta!"

Dulichand kaɗai bai yi dariya ba. Kowa ya juyo ana jiran sa, don umarninsa aka karya. Ya daɗe yana kallon surukarsa a durƙushe. Ma-sa ta matso kusa da shi, ta ce a hankali, amma kowa ya ji, "Fuskarta a rufe, hannunta cikin na mijinta. Kuma kai ka san a wane irin zane muka ɗauko ta."

Tsohon ya yi ajiyar zuciya. "Tashi, 'yata. Kin yi laifi, amma kin biya shi da bakinki a inda maza suke tsoron magana." Ya juya ga Mangilal. "Surukina, tafi da 'yarka yau."

Sugna ta ɗago kai a firgice. Tsohon ya ƙara da cewa:

"Ka tafi da ita, gobe mu zo ɗaukarta yadda ya kamata tun farko. Da kiɗa, da furanni, da sabon jan zane, ango a kan Dauli." Sai ya nuna babban ɗansa da sanda. "Kai kuma da ka iya kai labari garin mutane, tun da goɗiya kake so, kai za ka ja linzaminta. A ƙafa, zuwa da dawowa!"

Haka kuwa aka yi. Kanaram ya ja Dauli cikin rana, kai a sunkuye. A hanyar dawowa Harlal ya sauko ya miƙa masa gorar ruwa, ya ce, "Sha, Yaya, ya wuce." Kanaram ya karɓa, bai iya haɗa ido da shi ba.

Bayan shekara guda fim ɗin ya iso Jalri, aka kafa farin ƙyalle a filin makaranta. Da aka zo wurin auren, Sugna ta matse hannun Ma-sa. Ga su nan suna zagaya wuta, ba a ganin fuskar kowa. Can gaba, da jarumin ya watsar da matarsa ya auri 'yar birni, Ma-sa ta miƙe tsaye a cikin jama'a ta nuna ƙyallen.

"Wannan ba ɗana ba ne! Nawa a wurin wuta ya tsaya!"

Sugna ta riƙe darasin nan har tsufanta, tana kuma faɗa wa duk amaryar da aka kawo Jalri: kada ki yanke wa mijinki hukunci a kan abin da kika hango ta ƙarƙashin lulluɓi, ki tambaye shi tukuna, kuma in gaskiya tana hannunki ki fito da ita ko da za ta ba ki kunya. Zaren biyu kuwa ba wanda ya yanke su. Sun zauna a hannuwansu har suka koɗe suka tsinke da kansu, sai ta haɗa su ta ƙulle a wuri ɗaya.